Ba Raini Ba Ne, Kunne Ne

Ina gaida kowa da kowa, amma yau gaisuwa ta musamman ga matan Sharaɗa da Ja'en, da na Panshekara da kewayen Chalawa, da na Dakata da Kawaji da Tudun Wada masu maƙwabtaka da Bompai. Ku ne ke tashi tun asuba ku ɗora tukunya, ku zuba wa maigida abinci a kula ya ɗaure a bayan keke ko babur ya nufi kamfani. Wasunku ma ku da kanku ne ke shiga kamfanin. Zancen yau naku ne, don haka a rage wutar murhu, a matso kusa da rediyo.

Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta shigo mini da la'asar, ido ya yi ja. Ko tabarma ban gama shimfiɗawa ba ta ce, "Yaya, ni kam na gaji. Shekara goma sha huɗu ina zaune da mutumin nan lafiya, yanzu ya ɗauko sabon hali. In yi magana ya yi banza da ni. In maimaita ya ce 'iye?' In ɗaga murya ya ce ina yi masa tsawa a gaban 'ya'ya. Amma abokansa na yin sallama a ƙofar gida, tsaf yake jin su. To Yaya, in ba raini ba mene ne wannan? Ko dai aure zai ƙara ne?"

Na ce mata ta sha ruwa tukuna. Sannan na yi mata tambaya uku. A ina yake aiki? Ta ce kamfanin roba, a kan injin da ke farfasa tsofaffin robobi, ya fi shekara goma a wurin. Yaya yake kunna rediyo? Ta ce har na bayan katanga suna sauraron labarai kyauta. Da dare yana ƙorafin wani abu? Ta yi shiru, can ta ce, "Yakan ce gyare ya hana shi barci. Na ɗaga gado, na share ko'ina, ni ban ga gyare ba."

Na ce, "Ƙanwata, mijinki bai raina ki ba. Gyaren nan a cikin kunnensa yake. Ku je asibiti."

To wannan shi ne zancenmu na yau: yadda ƙarar inji ke cin kunnen mutum a hankali, ba ciwo, ba jini, ba kumburi, har sai ta gama ɓarna. A asibiti akwai likitoci na musamman da ke duba kunne da hanci da maƙogwaro, an haɗa ukun a sashe guda saboda a cikin kai hanyoyinsu a haɗe suke. A kan allon ƙofar sashen za ki ga haruffa uku, ENT. Zan fi daɗewa a kan kunne, domin shi ne wanda in ya tafi ba ya dawowa, amma zan taɓa hanci da maƙogwaro kafin lokaci ya cim mana.

Duk wadda ta san Kano ta san wuraren nan uku. Bompai ce babbarsu a shekaru, tun zamanin Turawan mulki aka fara kafa masana'antu a can, sannan Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya. A da masaƙu ne ke tashe, kafin yawancinsu su rufe. Yanzu abin da ya fi yawa shi ne roba: buta, bokiti, kujera, silifas, leda, buhu, tabarma. Ga kamfanonin jima a Chalawa da Sharaɗa, ga masu tatsar mai, ga masu katifa, ga masu alewa da lemo. Kowanne da injinsa, kuma da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, kowanne da ƙaton janaretansa a gefe yana ruri. Nan ne abincin dubban gidaje yake, ba mai cewa a daina zuwa. Sai dai ki lura da dattijan unguwarku da suka yi aikin masaƙa a ƙuruciyarsu. Da yawansu sai an kai baki kusa da kunne ake gaisawa da su. Mukan ce tsufa ne. Tsufa yana da nasa kason, gaskiya ne, amma wani kason tun suna 'yan shekara talatin inji ya karɓe shi.

Bari in ɗan kai ki cikin kunne, don ki gane inda ɓarnar take. Wannan da muke huda mu sa ɗankunne, mazurari ne kawai, aikinsa tattara sauti. Sautin ya bi rami ya tarar da wata siririyar fata a shimfiɗe kamar fatar kalangu, ita ce dodon kunne. In sauti ya buge ta sai ta girgiza. A bayanta akwai wasu 'yan ƙasusuwa guda uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, su ke miƙa girgizar zuwa can ciki. A can cikin akwai wani abu a naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa, kuma a jikinsa an jera wasu ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a kansu, wajen 15,000 a kowane kunne. In ruwan ya motsa, gasun su kaɗa, su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, sai ki ce kin ji. Ikon Allah ke nan.

Matsalar ita ce, da adadin da aka haife ki da shi za ki koma. Gashin kai in ya zube wani ya fito, farce in ya karye ya sake tsiro, amma waɗannan ƙwayoyi in sun mutu shi ke nan. Ki ɗauki misalin ciyawa a gefen gona. Garken shanu ya bi ta kanta sau ɗaya, ta kwanta, kafin gobe ta miƙe. Amma in kullum nan suke bi, safe da yamma, shekara da shekaru, wurin ya zama burtali, ko damina ta yi kyau ba abin da zai tsiro. Haka ƙarar inji take yi. Shi ya sa sabon ma'aikaci in ya taso daga aiki yakan ji kunnensa ya yi dum, kamar an toshe da auduga, ko yana jin wani siririn kuka, amma kafin gari ya waye ya washe. Wannan ciyawa ce ta kwanta ta tashi. Gargaɗi ne. Ranar da ta daina tashi ba ta yin sallama.

Yanzu ga amsar abin da ya fi ƙona wa maƙwabciyata rai, wato me ya sa yake jin abokansa ita ba ya jin ta. Ƙwayoyin nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu na kama sauti mai kauri, irin na ganga da muryar ƙato. Wasu na kama siririn sauti, irin na tsuntsu da sarewa. To ƙarar inji masu kama siririn sautin take fara kashewa. Su wa ke da siririyar murya a gida? Ke da yara. Ƙari a kan haka, haruffa irin su sa da sha da fa da tsa, duk a ɓangaren siririn sauti suke. Sai ya zama yana jin ana magana, amma kalmomin sun zo masa a gutsure, kamar rediyon da tasha ba ta kama sosai ba. Kin ce "shayi" ya ji "ayi". Kin ce a sayo sabulu, ya dawo da abin da ba ki aike shi ba. In ɗaki shiru kuna fuskantar juna, yana ganewa, don yana haɗawa da kallon bakinki. In ana hayaniya, wurin suna ko ɗaurin aure, ko kina magana daga kicin famfo na zuba, sai ya ɓace gaba ɗaya. Shi kuma a ganinsa kunnensa ƙalau, ku ne kuka koma magana ciki-ciki. Kin ga inda rigima ke samo asali. Allah kaɗai ya san auren da irin wannan ya girgiza, ana ta neman maganin sammu, alhali abin a kunne yake.

Ƙara tana da ma'auni kamar yadda hatsi yake da kwano, sunansa desibel. Hirar da muke yi ni da ke a ɗaki wajen desibel 60 ce, ba ta cutar da kowa. Iyakar da masana suka aje wa ma'aikaci ita ce desibel 85 na tsawon awa 8 a rana. Abin mamakin lissafin shi ne, duk ƙarin desibel 3 kacal, lokacin da kunne zai iya ɗauka yana raguwa da rabi. A 88 awa 4 ne. A 91 awa 2. A 94 awa 1. In ta kai 100, minti 15 ne kawai. To ɗakin injin saƙa, ko wurin farfasa roba, ko kusa da babban janareta, ƙararsu kan wuce 90. Ki auna da mutumin da ke tsayuwa a wurin daga safe zuwa magariba, kwana shida a mako.

Na san ba wadda ke da na'urar awo a gida. Ga awo mai sauƙi da za ki faɗa wa maigida: in mutum yana tsaye kusa da shi, nisan miƙa hannu, amma sai ya ɗaga murya sosai kafin su ji juna, to ƙarar wurin ta kai mai cutarwa.

Abin da za ki fi ji daga bakinsa shi ne, "Ai mun saba." Wannan kalma ita ce ta fi ba ni tsoro. Kunne ba ya sabawa da ƙara kamar yadda tafin hannu ke yin kanta. In mutum ya ce da can injin yana damunsa yanzu ya daina, sau da yawa ma'anarsa ita ce abin da ke jin ƙarar ne ya fara mutuwa. Hausawa suka ce sabo turken wawa.

Kuma kada mu tsaya a kan maza kawai. Akwai 'yan uwanmu mata da ke aikin tsintar roba da wanke ta, da masu gyaran riɗi da zoɓo, da masu zuba kaya a kwali, wasu a ɗaki ɗaya da injin. Sannan mu dawo cikin unguwa: injin markaɗe da injin niƙa. Sau nawa kika ga mace tsaye a kan injin markaɗe da goyo a bayanta, kan jaririn bai fi taku biyu daga injin ba? Ko 'yar talla an aike ta niƙa tana zaune a bakin inji awa guda tana jiran layi? Ni wannan yana sosa mini rai ƙwarai. Kunnen jariri ba ya iya cewa ya isa. In sana'arki ce, Allah ya sa albarka, amma ki ba wata riƙon yaron a nesa, ke kuma ki toshe kunnenki. In aike ne, a ajiye roba a layi a koma gefe. Haka ƙaramin janaretan gida, kada a aje shi a bakin tagar ɗakin da ake kwana. Ban da ƙarar ma, hayaƙinsa kisa yake yi.

Me za a yi? Gyara na asali yana wuyan masu kamfani: su gyara injin da ke ƙara fiye da kima, su killace janareta a ɗakinsa, su riƙa juya ma'aikata don kada mutum ɗaya ya dawwama a wuri mafi ƙara, su raba abin toshe kunne, su riƙa auna jin ma'aikatansu lokaci-lokaci. Wasu na yi, wasu ba sa yi. Amma kafin a jira su, akwai abin da ke hannunmu. Abin toshe kunne iri biyu ne. Akwai ɗan ƙarami mai laushi kamar soso da ake cusawa a rami, akwai babba mai rufe kunnen duka da maɗauri ta saman kai. Ana samunsu wurin masu sayar da hular kwano da takalman aiki da safar hannu. Ƙaramin ba shi da tsada in aka kwatanta da abin da yake karewa.

Sa shi ma yana da ƙa'ida, don da yawa suna ɗora shi a bakin kunne ne kawai kamar ado. Da hannu mai tsabta za a murza shi ya zama siriri. A zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama, ramin ya miƙe. A tura shi ciki, a riƙe da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura ya cika wurin. In ya zauna daidai, mutum zai ji muryarsa kamar yana magana a cikin tulu. In ya yi dauɗa ko ya daina kumbura, a canza. Auduga kuwa, ko tsumma, ko takarda da wasu ke cusawa, kusan ba abin da suke tarewa, kwanciyar hankali ce kawai ta banza. Su kuma samarinmu da ke sa abin jin waƙa na waya a kunne su ƙure sauti wai don kada su ji inji, sun tara wa kunne ƙara biyu ke nan.

Zai ce miki in ya toshe kunne ba zai ji oga ba, ko ba zai ji in inji ya canza kuka ba. Ki ce masa ya gwada na mako guda. Abin ba ya kurumtar da mutum, rage ƙarar yake yi, kuma da yawa sukan ga maganar ma ta fi fita. Sharaɗin dai shi ne a bar shi a kunne muddin ana cikin ƙarar. Cire shi na ɗan lokaci ana tsakiyar aiki yana zubar da kaso mai yawa na amfaninsa. Ke kuma naki aikin, ki sa shi cikin abin da kike dubawa da safe. Kula, carbi, katin shiga, abin kunne. In ya dawo gida a bar kunnen ya huta, ba a tare shi da rediyo da talabijin a ƙure ba.

Sai zuwa asibiti. A nan Kano akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Murtala. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Maza da yawa tsoron abin da za a yi musu ke hana su zuwa, to ki kwantar masa da hankali, ba allura ba yanka. Likita zai fara leƙa kunnen da 'yar fitila. Wani lokaci ma a nan zancen ke ƙarewa, a tarar dauɗar kunne ce ta taru ta toshe hanya, a wanke, mutum ya fita yana jin har takun tururuwa. In ba ita ba ce, sai a shigar da shi wani ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin sauraro, a riƙa sako sauti iri-iri, mai kauri da siriri, yana danna maɓalli ko ɗaga hannu duk lokacin da ya ji. A ƙarshe a zana sakamakon a takarda. Likita na kallon zanen zai gane ko irin ɓarnar ƙara ce, domin tana da fasalinta. Takardar nan a adana ta kamar takardar fili, zan faɗa miki dalili.

Gaskiyar da ba daɗi ita ce, abin da ƙara ta kashe babu ƙwaya ko ɗigo ko rubutu ko tsimi da zai dawo da shi. Duk wanda ya ce miki yana da maganin da ake ɗigawa ji ya dawo, kuɗinki yake so. Abin da ake iyawa biyu ne: a tsare abin da ya rage, sannan in ɓarnar ta yi yawa a ba shi na'urar ƙara ji, 'yar ƙarama da ake maƙalawa a kunne, wadda ake saitawa daidai da sakamakon gwajinsa. Ba a sayenta a kasuwa kamar agogo. Na san mutanenmu na jin kunyar sa ta. Ni kuwa ban ga bambancinta da tabarau ba. Malam ya sa gilashi ya karanta littafi mun ce ya yi kwarjini, don me wanda ya sa na kunne za mu bi shi da kallo? Kuma ba mu kaɗai ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce mutum sama da biliyan 1.5 a duniya suna da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar taimako a kai. Har rana aka ware wa ji, 3 ga watan Maris na kowace shekara.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kaɗan. In ji ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne guda, a tafi asibiti a ranar ko washegari, don wannan yana da magani in an yi sauri, in an yi sati-sati ana jira dama ta wuce. Haka in kunne na zubar da ruwa ko mugunya, ko ana jin jiri tare da ƙarar kunne. Kuma don Allah a daina ɗiga man zafi, da ruwan albasa, da turare, da ruwan ganye. In dodon kunne ya huje, abin da kika ɗiga kai tsaye ciki yake wucewa. A daina sosa kunne da tsinken ashana da gashin kaza da murfin biro. Ko tsinken auduga na kanti tura dauɗar yake yi ciki. Sannan a yi hattara da allurar kyamis ba da takardar likita ba. Akwai magunguna, irin su allurar jentamaisin da kwinin, da kan taɓa kunne in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, balle kunnen da inji ya riga ya raunana.

Na ce a adana takarda. Dalili shi ne akwai doka. A 2009 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin hayaniya, waɗanda hukumar kare muhalli ta NESREA ke kula da su. A 2010 kuma aka sa hannu a dokar biyan diyya ga ma'aikata, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, kuma raunin ji da aiki ya jawo yana cikin abin da ta ambata. Kamfani ne ke zuba kuɗin asusun, ba a cire wa ma'aikaci daga albashinsa, kuma dokar ta haɗa har da leburan wucin gadi. Ba zan ruɗe ki ba, abin da ke rubuce daban, samunsa a hannu daban, ana shan zirga-zirga. Amma wanda ba shi da takardar asibiti ko ƙofar ba zai gani ba. Da zarar likita ya tabbatar, a sanar da kamfani a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba, domin dokar tana da wa'adi, a riƙe kwafi, a nemi wakilin ƙungiyar ƙwadago in akwai.

To hanci fa? Mai aiki cikin ƙurar auduga, ko garin roba, ko ƙurar fata da warin sinadaran jima, hancinsa ne matata. Ga kuma hunturu ya zo ya ƙara nasa. Alamar da za ki riƙe ita ce murar da ba ta ƙarewa: atishawa, toshewar hanci, yoyon ruwa, amma ranar hutu ko lokacin hutun salla sai ta lafa, ana komawa aiki ta dawo. Wannan ba sanyi ba ne, wurin aikin ne, kuma a gaya wa likita haka ƙarara, don wani lokaci ita ce ke gaba, asma na biye. Takunkumi mai kyau yana taimakawa. Ɗigon buɗe hanci na kyamis kuwa, in aka wuce kwana biyar zuwa bakwai ana amfani da shi, shi da kansa yake komawa yana toshe hancin. Kayan aikinsa kada a kakkaɓe su a ɗaki ko kusa da yara, a jiƙa su daban a wanke daban. In haɓo ya zo, ba a ɗaga kai sama, jinin maƙogwaro yake bi. A zauna, a sunkuyar da kai kaɗan, a matse wurin laushin hanci minti 10 ba saki. In ya ƙi tsayawa, ko kullum ta ƙofa ɗaya yake zuwa tare da toshewa, sai asibiti.

Maƙogwaro kuma, mai wuni yana ihu don a ji shi a kan inji dole muryarsa ta dishe. Ruwa da hutun murya kan gyara wannan. Amma dishewar da ta wuce mako uku, ko wahalar haɗiya, ko ƙullutu a wuya, musamman ga mai shan taba, likita ne zai leƙa da na'ura ya gani, don wani lokaci ciwon daji da haka yake fara sallama, kuma in an kama shi da wuri ana samun sa'a. A nan ne wasu ke cewa beli ne ya sauko, a kira wanzami. Ba na raina sana'ar kowa, wanzamai iyayenmu ne. Amma belin nan halitta ce, kowa da shi aka haife shi, yanke shi ba ya warkar da dishewa ko tari, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, ainihin ciwon kuma yana can yana girma.

Mu koma gida, wurin da ke ce likitar. Mai raunin ji yana cikin kaɗaici da ba ya iya faɗa. Za ki ga ya rage zama a majalisa, don ana dariya bai san abin da aka ce ba. Ya je masallacin Juma'a ya dawo bai tsinci huɗuba ba. A titi mai adaidaita sahu ya yi ta hon bai ji ba, a zage shi. Ga kukan kunne da dare, wanda shiru ke ƙara masa ƙarfi, shi ya sa wasu ke samun sauƙi in fanka na juyawa a hankali. Ya dawo gida kuma a ce ya cika faɗa. To in za ki yi masa magana, ki zo inda yake, ki bari ya ga fuskarki, ki fara jawo hankalinsa kafin ki soma. A rage rediyo. Ki yi magana a tsanake, ba da ihu ba, domin kunnen da ya lalace ihu zafi yake yi masa, kuma kalmar ƙara dagulewa take. In bai gane ba, kada ki maimaita kalmar sau biyar, ki sauya ta da wata. Abu mai muhimmanci kamar kuɗi ko lokacin shan magani, ki sa ya maimaita miki. Yara kuma a ja musu kunne, ba a yi wa Baba dariya in ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Zancen asibitin ma ki zaɓi lokacinsa, ba a gaban mutane ba, ba kuma da kalmar kurma ba. In kin san ba zai ji daga gare ki ba, ki bi ta wajen yayansa ko amininsa.

Ita maƙwabciyar tawa ta wajen wansa ta bi. Sun je, an gwada, an tarar kunnuwan biyu duk sun taɓu, na hagu ya fi, wanda ke fuskantar injin. Abin da ya tafi ya tafi. Yanzu yana sa abin toshe kunne, ya kuma nemi a mai da shi sashen ɗaure kaya, suna jiran amsa. Ɗansu na fari da ke shirin bin sahun uban, an riga an saya masa nasa tun bai fara ba. Ran nan na ji ta tana ce wa 'yarta, "Ke, kada ki ƙwala masa kira daga nan, je ki gabansa ki faɗa masa abinci ya sauka."

A nan za mu dakata, lokaci ya yi halinsa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba kunnen yara mai zubar da ruwa. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.